Ƙullin da Na Yi wa Wayar Baba Haruna

"Amaryata mai littafi, leƙa ki gane mini, wayar na nan?" in ji Baba Haruna daga kan tabarmarsa.

Na ɗaga kai na dubi saman katanga. "Tana nan, Baba."

Na yi saurin kawar da idona. Bai lura ba.

Baba Haruna maƙwabcinmu ne a Gangara, tsohon ma'aikacin gidan waya. Yana da wani rediyo da ba a jin waƙa a cikinsa, magana ake yi da mutanen nesa. Tashar da yake kamawa sai da doguwar waya ta eriya, taku arba'in, gidansa kuwa ɗaki ɗaya ne da ɗan filin da akuya ma sai ta yi dabara ta juya. Shi ya sa ya roƙi babanmu, aka ja wayar ta kan katanga har bisa dalbejiyarmu. Kowace Juma'a bayan asuba, kafin rana ta fito ta rufe hanyar maganar, yakan yi hira da wani tsoho a Kanada. Shekara goma sha tara, ba su taɓa ganin juna ba.

Ni na tsinka wayar. Inna ta sa ni wankin bargo, igiyar shanya ta cika, na taka turmi na rataya shi a kan wayar. Da ta tsinke, tsoro ya kama ni, na haɗa bakunan biyu da tsumma, yadda muke ƙulla igiyar guga. Daga ƙasa ba a ganewa. A lakol, makarantar boko, an koya mana wutar lantarki ba ta bin tsumma. Na sani.

Ranar Juma'a ina alwala na ji shi ta bayan katanga, yana ta kira da Faransanci har tari ya sarƙe shi.

"Ina jin shi can ƙasa-ƙasa, shi ba ya ji na," ya ce wa ɗiyarsa Mero. "Sama ce ta rufe. Ta buɗe wani sati."

"Baba, ka sha kununka. Bature ba ya gudu."

"Ke mi kika sani? Tsoho ne kamata. Kowa na gudu."

Juma'a uku ana haka. Sau biyu na shiga gidan da niyyar faɗa, sai ya tsokane ni, "Amarya, yau ma littafi kika dafa mini?" In yi dariya in fito.

Ya rasu ranar Laraba, bayan la'asar.

Alhamis, maza na zaman makoki a ƙofar gida, na hau turmin, na kwance tsumman, na murɗa bakunan wayar biyu har ta yanke ni a yatsa. Aikin bai kai tafasar shayi ba.

Da asubar Juma'a Mero ta kira ni. "Hamdiya, ya bar wasiyya a gaya wa abokinsa. Ke ce 'yar lakol."

Ta kunna rediyon. Muryar tsohon na nan, tana kiran Haruna. Na danna abin magana, na yi gaisuwa sau ɗaya tak.

"Ina jin ku sarai!" in ji tsohon, cikin murna. "Kamar kuna ɗakina. Ina abokina ya shiga?"

Mero ta zuba mini ido. Kofin kununsa na nan gefen rediyon, an kife shi. Tsumman yana dunƙule a hannuna na hagu.