Abin da Ya Rage a Ƙarshen Kaset

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin ajiyar kaset na gidan rediyonmu, kuma in ban da mai gyaran fanka, ba na tuna wanda ya taɓa shigowa da son ransa. Sai ranar wata Talata, saura wata biyu in yi ritaya, wata mata ta yi sallama, da ta faɗi sunan mahaifinta na gane 'yar Agogo ce.

Agogo shi ke karanta labaran ƙarfe ɗaya na rana. Mun laƙaba masa sunan ne saboda bai taɓa makara ba, ko da ana ruwan sama. Bara ya rasu. Ta ce sun birkice gida kaf, hotuna jibgi, amma babu muryarsa ko'ina, ga shi ta fara mance yadda take.

Na ba ta kujera, na shiga goge tabarau, don ban san ta inda zan fara ba. A zamaninmu kaset bai wadata ba. Dokar gidan ita ce labarai su yi kwana bakwai, daga nan a naɗi waƙa a kansu, tunda waƙa ba ta tsufa. Mai naɗin kuwa ni ne. Na gaya mata haka ba kwana-kwana, kunya kamar in nutse.

"Wato Baba, kai ka goge shi," in ji ta.

Na ce ni ne, amma ba duka ba. Ƙa'ida ita ce a wanke kaset tas kafin a yi sabon naɗi. Ni kuwa malalaci ne, ba na wankewa, kuma waƙa na ƙarewa nake danna tsayawa in tafi shan shayi, sauran tsohon naɗin yana nan a ƙarshe. Sau biyu ana ba ni takardar gargaɗi a kan haka.

Muka jera kaset, muka yi ta tura su zuwa ƙarshe. Na farko shuru. Na biyu tarin wani ne, ba nasa ba. Na shida ya tsinke, na liƙe shi da salatif. Ta zauna da jaka a cinya, ta sha kiɗan kalangu fiye da yadda ta yi niyya.

A na sha ɗaya, mawaƙin ya yi shiru, sai ga Agogo yana cewa ƙarshen labaran ke nan. Aka ji ya tattara takardu, kujera ta yi ƙara. Ashe ranar da na naɗi labaran ban kashe makirfo ba, wani laifin ke nan.

"An gama? Bari in ruga, 'yata na can bakin makaranta."

Kaset ya ƙare. Na zaci za ta yi kuka, har na fara laluben hankici. Sai ta tambaye ni ƙarfe nawa labaran ke ƙarewa. Na ce ɗaya da kwata.

"Ƙarfe ɗaya ake tashinmu," ta ce. "Kullum ni ce ta ƙarshe a bakin ƙofa. Na ɗauka mantawa yake yi da ni."

Na ce a nan kam Agogo muke kiransa. Ta ce su a gida ba su san shi da wannan suna ba. Sannan ta ajiye jakar a ƙasa, ta ce in mayar da kaset ɗin baya.