Jar Fitila a Jirgin Torunn

Da safe teku kan yi hayaƙi kamar tukunya, ko da yake babu wuta a ƙarƙashinsa. Halvard yakan ratsa wannan hayaƙi kullum, da gorar kofi a hammata, har ya kai ga ƙaramin jirgin 'yarsa da ke ɗaure a gaɓa, lulluɓe da tamfol.

'Yar tasa Torunn ce ta haɗa komai kafin ta tafi aiki birnin Bergen. Ta ajiye hita kusa da inji, ta jona ta da wani fulogi mai auna sanyi. Sanyi na sauka ƙasa da digiri biyar, sai ya yi ƙas, jar fitilarsa ta kama, hita ta fara numfashi.

"Biyar, Baba," ta ce. "Ba mutum kake ɗumamawa ba. Ruwan cikin inji ne kawai ba a so ya daskare. In bazara ta yi zan zo mu fita tsibiri."

Wannan alkawari shi kaɗai ta bar masa. Ya san ba don miyar kifinsa za ta dawo ba, ba kuma don hirarsa ba, shi da bai cika magana ba. In jirgin ya mutu, me zai kira ta gida?

Sai ya riƙa zama a ɗakin jirgin yana jiran ƙas ɗin nan. In fitilar ta kama, katako ya saki warin kwalta da tsohon gishiri, sai ya ga Torunn tana 'yar shekara shida a kan bencin can, ta naɗe cikin rigar ulun uwarta, tana tura masa ƙafafunta masu sanyi ya murza. Wani lokaci har yakan ji ruwa yana ɗaga su, su biyu, zuwa inda rana ba ta faɗuwa.

Wata safiya ya ga tururin bakinsa a iska. Ya dubi bencin. Yarinya ba za ta iya barci a nan ba. Ya murɗa fulogin zuwa goma. Bayan kwana biyu ya kai shi ashirin, ya ɗauko hitar banɗakinsa ya ƙara.

Oddvar, mai jirgin da ke gefe, ya leƙo da lofe a baki.

"Kai, tsoho, otel ka buɗe wa ɓeraye?"

"Kula da ruɓaɓɓen kwandonka."

"Nawa ya ga hunturu talatin ba bargo. Wayar lantarkin gaɓar nan ta girmi haƙoranka, mutumina. Ba ta ɗaukar hita biyu."

"Ai haƙoran nawa sababbi ne," in ji Halvard, ya ja ƙofa.

A makon ne iskar arewa ta sauko. Da gari ya waye teku ya daina hayaƙi, ya daskare, ya kwanta fari fat. Halvard ya ɗaga tamfol, ya tarar da shiru. Fitilar a mace. Fis ya ƙone tun jiya, ƙanƙara ta zana ganyaye a jikin taga, bencin kuma benci ne kawai. A gefen inji wata tsaga ta buɗe, ruwan tsatsa ya zubo ya daskare a hanya.

Oddvar ya duba, ya cire lofe daga baki, bai yi tsiya ba.

Halvard ya daɗe riƙe da waya kafin ya danna.

"Baba? Lafiya? Ina wurin aiki."

"Injin ya tsage."

"Yaya aka yi? Fulogin ne ya lalace?"

"Lafiyarsa lau. Ni na kai shi ashirin. Na ƙara hita."

"Ashirin! Wa ke kwana a ciki?"

Ya dubi bencin. "Na ga kamar akwai sanyi," ya ce.

Ta cikin wayar yana jin motocin Bergen suna wucewa cikin ruwan sama.

"Kada ka taɓa komai," ta ce a hankali. "Kada ka bar Baba Oddvar ya kusance shi da gudumarsa. Zan zo ranar Asabar. Sai an sauke injin gaba ɗaya, aikin makonni ne. Ɗakina da ɗumi?"

"Zai yi."

"Baba. Kada ka kai shi talatin."

Da rana ya sa sabon fis, ya mayar da hitar banɗaki gida, ya murɗa fulogin zuwa biyar. Ƙas. Jar fitila ta kama, tana ɗumama injin da ya riga ya mutu. Ya zauna ya zuba kofi. A ƙarƙashin benci ya hango famfon ruwan sha, lafiyarsa lau, ko tsaga babu. In shi ma ya tsage, dole ta sake zuwa. Ya daɗe yana kallonsa, kuma bazara tana da nisa.