Malmala Guda

Tun da likita ya ce wa Alhaji Abdulshakur ba za a yi masa aikin gwiwa ba sai ya rage ƙiba, ya sa manhajar lissafin kalori a wayarsa. Ko dabino ya jefa a baki sai ya gaya mata. Burinsa ba shi da yawa. Ya daɗe yana salla a kan farar kujerar roba, yana so goshinsa ya sake taɓa ƙasa.

Da farko matarsa Sadiyatu ta bi tsarin sau da ƙafa. Tuwo malmala guda, miya ludayi biyu, babu man shanu. Alhaji ya fara saɓulewa, har wuyan riga ya yi masa yawa.

Sai yayarsa Zulaiha ta zo gidan nasu na Ƙofar Rini, ta ja Sadiyatu gefe.

"Ke, mi yas samu ƙanena? Mutane na ta tambaya ko ciwo gare shi, ko kuwa an bar girki gidanga."

Maganar ta tsaya wa Sadiyatu a ƙirji. A garin nan ramar miji ba a ɗora wa likita, matar gida ake ɗora wa. Ba ta yi musu ba. Ta dai riƙa ƙara wa malmalar jiki, yau kaɗan gobe kaɗan, ta sayo kwano mai faɗi don kada tuwon ya cika ido. Man shanu ya koma ƙasan miya. Malmala dai guda ce, waya kuwa ba ta da hannun da za ta ɗaga ta ji nauyi.

Shi ko Alhaji yana kan alkawarinsa. A rumfarsa ta yadi maƙwabta su dama fura, ya kau da kai. A gidan biki ruwa yake sha, ana yi masa tsiya yana murmushi.

Ranar awo, sikeli ya mayar da shi inda ya fito. Likita ya duba wayar, ya dube shi, ya ce a cikinsu akwai wanda ba ya faɗin gaskiya. Aka ɗage aikin. A satin ne kuma Zulaiha ta aiko wa Sadiyatu da godiya, wai ƙanenta ya murmure.

Bayan magariba Sadiyatu ta ajiye wa Alhaji tuwo. Ya sa hannu ya raba malmalar biyu, ya ture rabi.

"Na yi ta tunani, Sadiyatu. Kasuwa ban ci, gidan mutane ban ci. Abincinki ɗai nika ci, shi ko ban da shakka kai nai. Laihin jikina na."

Ya rubuta rabin malmala a waya. Kunya ta rufe Sadiyatu.

Da aka kira isha'i ya miƙe da ƙyar, ya ja kujerarsa zuwa masallaci. Sadiyatu ta tsaya tana kallon rabin da ya bari. Ya kai girman malmalar da take ba shi a farko.