Kafson da Ya Raba Ni da Umair

Kafso ɗaya ne tak, bai ma kai dabinon ajwa girma ba, amma a cikin gwangwanin dalma aka kawo shi. Sara, ma'aikaciyar mustashfa, wato asibiti, 'yar Sudan mai Hausa a bakinta, ta ajiye ta ja da baya, ta ce in haɗiye kar in taɓa da hannu. Bayan tiyatar da aka yi mini a maƙogwaro, wannan ne zai ƙone sauran ciwon.

Washegari ta dawo da wata na'ura, ta tsaya daga bakin ƙofa ta nuno ni da ita. Abu ya kama ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa.

"Sara, ni ce nake wannan ƙarar?"

"Ke ce, ya ukhti. Ish'a ke fita daga jikinki, wani haske da ido ba ya gani." Ta ce wani Bafaranshe mai suna Bekarel ne ya fara gano shi, shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Ya ajiye gishirin wani ma'adini a kan farantin hoto cikin aljihun tebur, da ya wanke farantin sai ya ga abin ya bar tambarinsa a cikin duhu, ba rana ba fitila. Har yau da sunansa ake auna shi.

Na ce, "To Allah ya saka masa. Shi dai yana da ɗan yaye a gida lokacin?"

Ta yi dariya, ta ce sai dai na haƙura. Babba zai iya tsayawa nesa da ni a gaisa. Yaro ƙarami kuwa, ko ɗaki ɗaya kar mu haɗa sai ta sake aunawa.

Umair nawa ko shekara biyu bai cika ba. Dama saboda wannan maganin aka sa na yaye shi ba shiri. A gida da kakarsa za a kai wa. Nan Madina ina muka ga kaka? Sai Hamid, maigidana, ya kai shi unguwar Jurf wurin Hajiya Iyatu, wata tsohuwa da aka haifa a nan, wadda ta ɗauke mu kamar 'ya'yanta.

Aka sallame ni na koma shiƙƙarmu, gidan hayarmu na saman bene a Aziziyya, ni kaɗai a ɗaki, da kwanona da kofina daban. Wallahi kewar yaron nan ta fi tiyatar ciwo. Akwai wata 'yar singiletinsa da ba a wanke ba, ita nake shinshinawa. A waya kuma ƙin kallona yake yi, sai dai ya lashi gilashin.

Na dami Hamid. "Abu Umair, don Allah ka kawo shi in hango shi. Daga can ƙarshen baranda, ni ina bakin ƙofa."

"Kaltume, an fa hana."

"An hana taɓawa. Ido ma an hana?"

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji asansir, na'urar hawa bene, ya tsaya. Na buɗe ƙofa. Ga shi can a hannun babansa, an yi masa aski, Hajiya ta sa masa 'yar jallabiya fara. Har ya rame, ko idona ne, oho. Hamid ya sauke shi don ya gyara masa takalmi.

Yaro ya ɗago ya gan ni. Ya fizge, ya taho a guje, hannu biyu a sama, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ni da hannuna na rufe ƙofar.

Na ji ya bugu da ita, yana dukan katako da tafin hannu. "Umma! Umma, iftahi!" Wai in buɗe; Larabcin gidan Hajiya har ya kama bakinsa. Na durƙusa zan jingina da ƙofar, sai na tuna katako ba ya tare wannan abin. Na rarrafa na koma can ƙuryar ɗaki, na toshe bakina da mayafi don kar ya ji ni ya ƙara matsowa.