Tsatsar da Muka Rufe da Fenti

Shekara ashirin da biyu na yi ina walda a garejin Delbert Yancey kafin masu talabijin su zo. Aikinmu gyaran tsofaffin motocin nan ne masu ƙaton inji, waɗanda in an tayar da su sai gilashin taga ya ɗauki rawa. Mutum zai kawo mana mota mu ce ya dawo bayan shekara, kuma ba ya gardama, don ya san haka aikin yake.

Da shirin ya zo sai shekara ta koma kwana bakwai.

Mai shirya shi wata mace ce, Corinne Vasko, siririya mai saurin magana. Ita ta sa aka rataye ƙaton agogo a bango, ta sa Delbert ya tara gemu. Ita ke tsara mana har faɗan da za mu yi a gaban kyamara. Sai ta ce in yi wurgi da sifana in yi zuciya in fita, in bai yi mata ba in dawo in ɗauka in sake. Akwai ranar da na yi zuciya sau shida kafin abincin rana. Mutane sun so shirin, har a kanti ana tare ni a ce, "Hoyt, tsaya mu yi hoto." Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Amma kyamara sama take kallo: fenti, kujeru, inji mai ƙyalli. Ba ta leƙa ƙasan mota.

A shekara ta uku aka kawo mana motar Orval Stroud, Chevelle ja ƙirar 1970. Orval dattijo ne mai saran itace a dazukan Ozark, ƙato, hannunsa kamar faifai, ba ya son magana. Da motar ya ɗauko amaryarsa daga coci, kuma tun da matar ta rasu ya kulle ta a rumfar ciyawa bai sake taɓa ta ba. 'Yarsa Twila, malamar asibiti, ita ta rubuto wa shirin ba da saninsa ba.

Da muka ɗaga motar na shiga ƙasa da guduma. Na ƙwanƙwasa shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da duk jikin motar, a inda ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yake kamawa, sai gudumar ta shige ciki. Tsatsa ta zubo mini a fuska kamar garin barkono. Na samu Delbert na ce masa wannan shasin ya mutu, sai dai a sake wani, kuma aikin wata uku ne. Ya kira Corinne, ta saurare ni tana duba wayarta, ta ce ranar Juma'a za a miƙa mota, an riga an shirya komai.

Delbert ya ja ni gefe. "Mutumina, tsoho ne. Sau nawa zai hau ta? Ya kai ta bikin motoci sau ɗaya a shekara, ya goge ta, ya mayar. Like mata wani abu kawai."

Na like. Na ɗora siririn kwano a kan ramin, na ɗiɗɗiga masa walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, na cusa ragar waya, na shafe da filar da ake cike lotsawa da ita, na fesa baƙin fenti mai kauri. Ko ni da na yi, in na kalla sai in ga kamar sabo. Ranar Juma'a aka janye mayafin da aka lulluɓe motar da shi, Orval ya dafa bonet yana kuka, Corinne ta sa aka maimaita masa janyewar sau uku.

Bayan mako uku, ranar Lahadi da rana, Twila ta ɗauko mahaifinta daga coci a motar. Ita ke tuƙi. A gangaren da ke sauka zuwa gadar rafi ta taka burki a kwana, likin nan ya yage, ƙafafun baya suka karkace gefe guda. Motar ta juya sau biyu a kan titi ta daki bishiya da ɓangaren direba. Ƙofa ta naɗe ta shige ciki ta danne ƙafar Twila. Orval ya fito da karyayyun haƙarƙari uku, ya kama ƙofar da hannu yana ja har faratansa suka cire, 'yarsa tana kiransa tana cewa ya daina, ya je ya nemo mutane. Sai da 'yan kwana-kwana suka yanka motar. A asibitin da take aiki aka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa.

Mun ji labari. Delbert ya aika da furanni. Corinne ta ce lauyoyi sun ce kada kowa ya yi magana, muka ci gaba da ɗaukar shiri.

Ranar Talata ta mako na biyu bayan haɗarin, wajen ƙarfe goma na safe, muna cikin ɗauka, ina tsaye gaban wata koriyar mota ina jiran a ce in fara faɗa, sai ga Orval a bakin ƙofa. Hannunsa na hagu riƙe da buhu, na dama da ƙotar gatari. Daga baya muka ji cewa daga filin da 'yan sanda ke ajiye motocin haɗari yake. Ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashin motarsa da karyayyun haƙarƙarinsa, ya sa hannu ya ɓamɓaro aikina.

Ya zazzage buhun a ƙasa. Kwanon nan ne, da ragar waya, da dunƙulen fila baƙi ta waje, fari ta ciki.

"Wa ya yi wannan?" Bai ɗaga murya ba.

Delbert ya kalli Corinne. Na san abin da ke ransa, ya zaci ita ta shirya zuwan, kamar yadda take shirya komai. Ita kuma ta yi wa mai kyamara alama da yatsa ya ci gaba. Sai Delbert ya buɗe hannuwa, ya yi murmushin nan nasa na talabijin, ya nufi dattijon yana cewa, "Baba Orval, sannu da zuwa, yaya jikin 'yar tamu?"

Ƙotar ta same shi a muƙamuƙi. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen reshe. Ya juya ya faɗa kan akwatin kayan aiki, aljihunan suka zazzago, sifanu suka watse a siminti. Ya yunƙura zai tashi, Orval ya ƙara masa a kafaɗa, ya ƙara masa a gwiwa. Delbert ya rarrafa ƙarƙashin benci yana tofar da jini da haƙora, bakinsa ya goce gefe, yana son magana ba ta fita.

Mai kyamara bai sauke ba, har matsowa ya yi. Orval ya juyo ya daki kyamarar tana kafaɗarsa, gilashin ya fashe, bakin ƙarfen ya yanke masa gira, ya zauna daɓas yana riƙe da fuska jini na bin yatsunsa. Masu riƙe fitilu suka watsar da sandunansu suka fita ta ƙofar baya. Corinne ta shige ofis ta murza makulli.

Daga nan ya koma kan koriyar motar. Ya fasa gilashin gaba, ya fasa fitilu, ya bi gefenta da duka. Duk inda ƙotar ta sauka sai fenti ya tsage, fila ta faɗo guntu-guntu, ramukan tsatsa su bayyana. Ya tsaya yana kallonsu yana haki, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Sannan ya sake tambaya, a hankali kamar farko, wa ya yi aikin da ke cikin buhun.

Ƙofar baya tana nan a buɗe, taku goma ne tsakanina da ita. Har yau ban san abin da ya hana ni bin sauran ba.

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya dube ni ya daɗe. "Kai ne mai jefa sifana. Twila tana son ka, ta ce kai kaɗai ne mai gaskiya a cikinsu." Ya jingina ƙotar da benci. "Ka san ruɓaɓɓe ne?"

"Na sani."

"Da wane hannu?"

Ya cafki wuyan hannuna na dama ya shimfiɗa shi a kan bencin ƙarfe. Na yi ƙoƙarin fizgewa, amma mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe zarto ba a ƙwace masa abu. Ya laluba da ɗaya hannun ya ɗauko guduma, tawa ce ma, wadda na ƙwanƙwasa shasinsa da ita. Na farko ya sauka a kan yatsu biyu na tsakiya. Ban ji zafi ba nan take, sai wani farin haske a idona. Na biyu ya sauka a bayan hannun, a nan na ji, na durƙushe ina ihu, hannuna yana sama a kan benci, Orval yana riƙe da shi. Ya ɗaga na uku.

Sai ƙarar bindiga ta cika garejin.

Delbert ne. Yana ajiye ƙaramar bindiga a aljihun bencin da ya ɓuya a ƙasansa. Yana kwance a gefe ɗaya ya harba sau uku. Harsashi ɗaya ya fasa agogon bango, ɗaya ya huda tankin koriyar motar, ɗaya ya shiga cinyar Orval ya fita ta baya. Dattijon ya saki hannuna, ya ja baya, ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Jini na fita daga cinyarsa da ƙarfi, fetur na tsiyaya yana malalowa wajensa.

Delbert ya sake saita shi. Na ga fetur ɗin, na ga bakin bindigar. Na miƙe na take wuyan hannunsa da takalmina har ya saki, na shure bindigar ta shige ƙarƙashin injin iska. Sannan na zare bel ɗina da hannun hagu na jefa wa Orval, na ce ya ɗaure sama da ramin. Ya kasa ja. Na kama bakin bel ɗin da haƙori, shi ya riƙe ɗaya gefen, muka ja tare har jinin ya ragu. Muna nan zaune a cikin fetur da jini har 'yan sanda suka shigo da bindigogi a ɗage suna cewa kowa ya kwanta.

Likitoci sun cire mini yatsu biyu, sauran ukun ba sa lanƙwashewa sosai. An ɗaure wa Delbert muƙamuƙi da waya wata biyu, yana shan miya ta tsinke. Orval ya rayu, aka kai shi kotu da sandar dogarawa.

Lauyan kamfanin shirin ya zo gidana ya ce abin da ake buƙata a wurina kaɗan ne, in faɗi abin da aka yi wa hannuna in sauka. Da na hau wurin ba da shaida a kotu na faɗi wannan. Da lauyan Orval ya tashi ya tambaye ni ko na gane abin da ke cikin buhun, na faɗa masa duka, da abin da ban ma jira ya tambaya ba: motoci talatin da ɗaya muka yi a shirin, na san goma sha huɗu da aka rufe wa ƙasa kamar haka. Twila tana zaune a layin gaba a keken guragu. Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. An yanke wa mahaifinta shekara huɗu. Aka dakatar da shirin, Delbert ya rufe gareji ya koma wajen ƙanwarsa a Tulsa. Corinne kuwa na ji tana wani shirin na gyaran gidaje.

Da hannuna ya warke na rubuta sunayen mutum goma sha ukun da suka rage, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar a-kori-kurata, da jak da tocila. Wasu sun karɓe ni, wasu sun zage ni tukuna sannan suka bar ni na duba. Wata mata a Joplin ta ba ni kofi, da na nuna mata ramin da ke ƙasan motar mijinta ta karɓe kofin daga hannuna ta nuna mini hanya.

Na ƙarshe wani mai sayar da inshora ne a Kansas. Na same shi ranar Asabar yana wanke motar a ƙofar gida, jikokinsa biyu mata suna zaune a kujerar baya suna jiran a fita yawo. Na gaya masa ko ni wane ne, na roƙe shi minti biyar in leƙa ƙasa.

Ya ce ya san ni, ya kuma ji abin da na faɗa a kotu. "Motar nan ta fito a talabijin, malam. An ba ni takarda da sa hannu. Kana taɓa ta darajarta ta faɗi."

Na ce to ko yaran ya sauke. Ya ajiye tiyon ruwa, ya taka ya buɗe ƙyauren shinge, wani baƙin kare ya fito a guje. Kafin in kai ga motata ya kama ni a ƙwauri, sai da na buga masa ƙofa a kai ya saki. Na kulle kaina ina matse ciwon da tsumma. Ta madubi na ga mutumin ya shiga, ya tayar da inji, ya yi baya ya hau titi, yaran suna ɗago wa karen hannu.