Kakar Aro

Ofishin masu neman mafaka bai taɓa raba uwa da ɗanta ba. Haka aka rubuta a bango da manyan baƙaƙe, kuma gaskiya ne. Duk macen da ta zo da yaro, da shi za ta shiga ɗakin tambayoyi. An hana ma'aikata riƙe ɗan kowa, an hana barin yaro a hannun wanda ba danginsa ba.

Albarkacin wannan tausayi ne aka ƙi karɓar Mai Ɗinki a zuwanta na farko. Jami'a ta tambaye ta abin da masu bindiga suka yi mata a hanya. Ta dubi 'yarta, Auta, wadda ta kai shekarun da ba abin da ke wuce kunnenta, ta ce, "Kayanmu suka ƙwace." Doka kuwa ba ta ba da mafaka saboda keken ɗinki.

Yau ce damarta ta ƙarshe. Ko ta faɗa a gaban yarinyar, ko a mayar da su inda suka fito.

A bencin jira wata tsohuwa ta daɗe tana kallon Mai Ɗinki da 'yarta.

"'Yar nan, da ita za ki shiga?"

"Doka ce, Iya."

"Maganar da za ki yi, ta kunnen yara ce?"

Mai Ɗinki ta girgiza kai. Da aka kira ta, tsohuwa ta cafke hannun Auta. Mai gadi ya taso.

"Iya, mece ce yarinyar nan a wurinki?"

"Kai, ba ka da ido? Wa zai yarda da wannan mummunan goshi in ba kakarta ba? Taso, kishiya, mu je waje in gyara miki wannan kai mai kama da sheƙar tsuntsu."

"Ke ce mummuna!" in ji Auta.

Mai gadi bai nemi wata shaida ba.

A ciki, Mai Ɗinki ta faɗi komai, tana kallon ƙafar tebur. Jami'a ta daina duba agogo. Daga ƙarshe ta tura mata ruwa, ta ce za su zauna a ƙasar, ita da 'yar, sannan ta tambaya cikin mamaki na gaske me ya hana ta faɗin wannan tun farko.

Ta fito jikinta sakayau, kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. A tsakar gida ta tarar an yi wa Auta kitso rabi, tana ta zuba surutu.

"An dace, Iya! Allah Ya saka."

"Madalla. Ɗauke kayarki, ta cinye min kunne."

Mai gadi ya leƙo. "Iya, an yi ta kiranki har an wuce ki."

Mai Ɗinki ta juya ga tsohuwa. "Me ya sa ba ki shiga da ita ba?"

"Takarduna sun ce ba ni da kowa a duniya. In shiga da jika, a ce ni da ke duk maƙaryata ne? Wuce gida, ki ƙarasa mata kitson."

Ta kakkaɓe zanenta, ta bi layin tagar da ake ba waɗanda suka makara sabuwar rana. Daga bakin ƙofa Mai Ɗinki ta ji akawu yana cewa sai baɗi. Tsohuwa ta ce masa ta gode.