Mai Kiran Angulu

Shekara arba'in Baba Zuberu ya yi yana fawa a Zango, rabinsu kuma wajen korar angulu suka tafi. Yanzu ya ajiye wuƙa, angulun ma sun ɓace daga Kumasi, ba wanda ya ce musu sai wata rana.

Ran nan yana zaune a majalisa da hantsi, sai ga Abukari ɗan ƙanwarsa, direban tasi, da baƙi uku daga Ankara, kowa da madubin hangen nesa a wuya.

"Kawu, masu kallon tsuntsaye ne. Na kai su dajin Bobiri, na kai su na Owabi, sun ga iri ɗari da wani abu. Guda ɗaya ta gagare su."

"Wacce?"

"Angulu."

Majalisa ta fashe da dariya. Baba Zuberu kuwa ya gyara hula. "Angulu? Gobe in kira muku ita."

"Kai Zuberu, ji tsoron Allah," in ji Brimah tela, abokinsa. "Yaushe rabonka da ganinta? Zan bi ku. In ba ta zo ba, daga gobe sunanka Sarkin Ƙarya."

Washegari suka wuce unguwar Krofrom, suka fita bayan gari zuwa wata ƙaramar mayanka da aka daina yanka a cikinta, gindin wani tsohon rimi. Shugabar baƙin, Madam Najiba, ta sa kowa ya laɓe a bayan ciyawa, ba magana, ba tari. Haka suke yi a daji. Awa guda, awa biyu, sama fayau. Brimah yana ta leƙen Baba Zuberu yana murmushin mugunta. Gumi ya jiƙa wa Baba Zuberu riga, don ya san in sunan nan ya kama shi, da shi za a binne shi.

Can sai ya miƙe. "'Yata, ki yi haƙuri. Wannan ba tsuntsun daji ba ne, 'yar kasuwa ce. Inda aka yi shiru ta san ba nama."

Ya ɗauko wani daron kayan ciki da ya zo da shi a bayan mota, ya sa tsohuwar rigarsa ta fawa, ya kama wasa wuƙa yana ƙwanƙwasa daro. "Brimah, zo ka taya tumbi!"

"Wannan ruɓaɓɓen? Ko kyauta!"

"Ka ci gidanku! Ɗinkinka ne ruɓaɓɓe!"

Suka kaure da ciniki da zagi kamar ranar jajiberin Sallah. Ana cikin haka sai inuwa ta gitta. Ɗaya, biyu, har huɗu, suka sauko da sanƙonsu, suna tafiyar nan tasu ta gurgun basarake. Madam Najiba ta dafe baki.

Wata ta matso daro. Hannun Baba Zuberu bai yi shawara da shi ba. "Kai! Tafi can, ɓarauniya!"

Duka suka tashi fir.

"Kawu!" Abukari ya ɗora hannu a ka.

Amma Madam Najiba tsalle take. Ta nuna wa Baba Zuberu hoton da ta ɗauka: angulu ta buɗe fukafukai, shi kuma a ƙasa baki buɗe, hula a karkace.

Brimah ya duba, ya daɗe yana dubawa. "To, Sarkin Angulu. Wanne ne kai a ciki?"

Baba Zuberu ya tura daron gaba da ƙafa, ya koma gefe, yana jiran angulun su dawo.